DAƁEN MUTANEN MAYA: DARASIN TARIHI DA KIMIYYA

Lokacin da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata makarantar firamare, sai aka ba ni aji biyar. Ɗakin ajin bai fi shekara biyu da ginawa ba, amma daɓen sumuntinsa duk ya farfashe, ya zama ramuka. Kowace safiya in yara sun yi shara sai ƙura ta turnuƙe, a yi ta tari har a buga ƙararrawa. Bencina kuwa ba wanda ke zaune daidai, sai an tokare ƙafarsa da dutse.

Ran nan ina koyar da tarihi, na nuna wa yara hoton wani tsohon birni wai shi Tikal, a ƙasar Gwatamala. Na ce musu daɓen dandalin birnin nan ya fi shekara 1,200, har yanzu kuwa yana nan ƙarƙashin ciyawa. Sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, wane irin sumunti suka yi aiki da shi, ga namu shekara biyu ya mutu?" Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa na rasa ta cewa, domin littafin da na shirya darasi da shi sarakuna da yaƙe-yaƙe kaɗai ya ambata. Na ce masa ya ba ni kwana uku. Abin da na samo ke nan na ga ya kamata in rubuta wa 'yan'uwana masu shirin zama malamai, don kada wani ya tsaya gaban aji baki buɗe kamar yadda na tsaya.

SU WANE NE MAYA?

Maya wata al'umma ce ta nahiyar Amurka. Ƙasarsu ta haɗa kudancin Meziko, musamman yankin Yukatan, da Gwatamala, da Beliz, da yammacin Honduras da na Salbado. Zamanin da biranensu suka fi bunƙasa shi ne daga wajen shekarar 250 zuwa 900 Miladiyya, amma sun fara gini tun da daɗewa kafin nan. Jikokinsu suna nan har yau, miliyoyi, suna magana da harsunansu.

Sai ku fara gaya wa yara abin da maginan nan ba su da shi, don su san girman aikin. Ba su da gatarin ƙarfe ko kurfi na ƙarfe. Ba su da jaki, ko doki, ko takarkari. Ba su yi aiki da amalanke ba. Da dutsen ƙanƙara suke fasa dutse da sare itace, kowane kaya kuwa a baya ake goya shi, a rataya igiyarsa a goshi. Da haka suka gina ɗakin bautar nan na Tikal da masana ke kira Haikali na Ɗaya, wajen shekarar 732, tsawonsa ƙafa 154.

KAYAN GINI

Babban arzikin ƙasar Maya dutsen farar ƙasa ne. Yankin Yukatan kusan duk shimfiɗar wannan dutse ce, ƙasar noma 'yar kaɗan ce a bisa. Dutsen nan yana da wani hali mai kyau ga magini: in an haƙo shi sabo yana da taushi, ana iya sassaƙa shi, in ya sha iska sai ya ƙara tauri.

Amma ba ko'ina ake samunsa da yawa ba, kowane gari da abin da ke kusa da shi ya yi gini. A Kopan, cikin Honduras, da wani dutse mai ɗan kore suka yi, wanda asalinsa tokar dutse mai aman wuta ce. A Kirigwa da dutsen yashi suka yi. A Komalkalko kuwa, inda ƙasar fadama ce ba dutse, sai suka gasa tubali, suka ƙona ɓawon kawa suka sami farar ƙasar haɗa shi.

Akwai itace kuma. Kan ƙofofin manyan ɗakunan Tikal sun gicciya katakon wani itace mai tsananin tauri, wanda daga ƙaronsa aka fara yin cingam. Waɗansu katakan nan sun kai zamaninmu da zanen da aka sassaƙa a jikinsu. Talakawa kuwa ɗakunan itace da yaɓe suke yi, da jinkar ganye ko ciyawa, bisa ɗan dandamali don gudun ruwa. An san wannan sosai saboda wani ƙauye a Salbado, Seren, wanda tokar dutse mai aman wuta ta binne wajen shekarar 600, aka gano shi a 1976 da bangayen ƙasarsa a tsaye.

Manyan dalolinsu ba dutse sassaƙaƙƙe ne har ciki ba. Sukan gina ƙananan bangaye kamar ɗakuna marasa ƙofa, su cika su da ɓaraguzan dutse da ƙasa, sa'an nan su jera sassaƙaƙƙen dutse a waje. Bayan haka sai a shafe ginin duka da farar ƙasa, a yi masa fenti, galibi ja. Hotunan da muke gani yau na duwatsu tsirara ƙasusuwan gini ne kawai, fatar ta zube. Shaidar wannan ita ce wani ɗakin bauta a Kopan da ake kira Rosalila, na ƙarni na shida. Mutanen da suka yi shi sun binne shi ɗungum cikin wani sabon gini, ba su rushe shi ba. Da wani masani ɗan Honduras, Ricardo Agurcia, ya gano shi a 1989, sai ga shafensa da launukansa ba su lalace ba.

YADDA AKE MAI DA DUTSE GARI

Nan ne tarihi ya gamu da kimiyya, nan kuma ya kamata malami ya tsaya ya yi bayani a hankali.

Dutsen farar ƙasa yana riƙe da wata iska a cikinsa, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, watau iskar kabon. In aka gasa dutsen da wuta mai tsanani, zafinta wajen digiri 900 (ku tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa), sai iskar nan ta fita. Dutse mai nauyin awo 100, in tsantsa ne, sai ya koma awo 56. Siffarsa tana nan, amma ya yi sakayau. Wannan shi ne mataki na fari.

Mataki na biyu, a zuba wa gasasshen dutsen ruwa. Sai ya ɗauki zafi da kansa, ya yi ta huci da tururi, ya kumbura, ya wargaje ya zama farin gari, in ruwan ya yi yawa kuma ya zama kamar kindirmo.

Mataki na uku, in aka shafa kindirmon nan a bango ko a ƙasa, ruwan ya bushe a hankali, sai ya riƙa jawo iskar kabon daga sarari, har ya koma dutsen da yake tun farko. Watau magini ya karɓi dutse daga ƙasa, ya narkar da shi, ya ba shi siffar da ya ga dama, ya bar iska ta mai da shi dutse. In yara sun gane wannan zagaye, sun gane rabin darasin.

To, yaya Maya suke samun wuta mai zafi haka? Hanya ɗaya an gan ta ido da ido, domin maginan Yukatan ba su bar ta ba har ƙarni na ashirin. Wani masani Ba'amurke, Earl Morris, wanda ya yi aikin tono a Cicen Itza, ya bayyana ta a 1931. Ana sare ɗanyen itace, a jera shi a kewaye kamar gindin rumbu, a bar rami a tsakiya, a tula fasassun duwatsu a bisa. Sai a jefa garwashi cikin ramin, wuta ta ci daga ciki zuwa waje. Ɗanyen itace ake so don yana ci a hankali. In ta mutu sai a bar tulin raɓa da ruwan sama su jiƙa shi, ya zama gari. Hanya ta biyu ta rami ce. A tuddan Puuk na Yukatan masu tono sun sami ramukan gashi masu yawa, kewayayyu, waɗanda suke tsare zafi, ba su cin itace kamar ta farko.

Farar ƙasa ita kaɗai in ta bushe tsagewa take yi, kamar yadda sumunti ba yashi yake yi. Maya kuwa ba su da yashin rafi a yawancin ƙasarsu. Abin da ya fisshe su wata farar marmara ce mai laushi da ake haƙowa ƙarƙashin dutse, suna kiranta saskab. Ita suke gaurayawa da farar ƙasa, saskab ɗin ya fi yawa.

Saura abu guda, wanda shi ya fi ba ni sha'awa. Wani limamin Kirista ɗan Sifen, Diego de Landa, wanda ya rubuta labarin Yukatan wajen 1566, ya ambaci cewa mutanen ƙasar suna daka ɓawon wani itace su sami ruwan da suke goge shafe da shi don ya yi ƙarfi. Maginan Yukatan har yanzu suna tsima ɓawon wani itace mai ƙaya da suke kira cukum. A 2023 waɗansu masana na Jami'ar Granada ta ƙasar Sifen, shugabansu Carlos Rodriguez-Navarro, suka auna tsohon shafen Kopan, suka kuma kwaɓa sabo da ruwan ɓawon cukum da na wani itace, jiyote. Suka tarar ruwan itacen yana shiga har cikin ƙwayoyin dutsen sa'ad da suke haɗuwa, kamar yadda abin yake a ɓawon dabbobin teku. Shafen da aka yi haka ba shi da saurin tsagewa, ruwa kuma ba ya cinsa da wuri.

Da na karanta wannan sai na tuna da makuba. Iyayenmu mata in za su yi daɓe, ai ɓawon ɗorawa suke jiƙawa su yayyafa ruwan, daɓe ya yi ƙarfi ya yi duhu. Ba wanda ya koya wa wani, teku ce tsakaninsu, kuma su farar ƙasa suke ƙarfafawa, mu ƙasa da tsakuwa. Amma dabarar ta yi kama, in kun kawo wannan misali yara za su gane nan da nan.

YADDA AKE YIN DAƁEN

In masu tono suka yanka daɓen Maya suka dube shi ta gefe, sukan ga hawa-hawa kamar haka, daga ƙasa zuwa bisa.

Da fari ana share wurin, wani lokaci har a kai ga dutsen ƙasa, a cike kwari a daidaita.

Na biyu, a jera manyan duwatsu, waɗanda su ke ɗauke da nauyi.

Na uku, a zuba ƙananan duwatsu kamar dunƙulen hannu, sa'an nan tsakuwa, su cike kafofin manyan, a daddaɓe. Amfanin wannan hawa biyu ne. Yana hana daɓe lotsawa, yana kuma raba shi da damshin ƙasa, domin ruwa ba ya hawa ta cikin tsakuwa kamar yadda yake hawa ta cikin yumɓu.

Na huɗu, a zuba kwaɓin farar ƙasa da saskab mai kauri, a baje, a buga.

Na biyar, a shafa lallausan kwaɓi marar tsakuwa a bisa. Tun bai gama bushewa ba sai a bi shi da dutse mai santsi ana guga, ana yayyafa ruwa, ana sāke guga. Gugar nan ba don ado kaɗai ba ce. Tana danne ƙwayoyin, ta toshe ƙananan tsagun da bushewa ke kawowa, har fuskar daɓen ta yi sumul, ruwa ya riƙa gudu a kanta. Waɗansu daɓen akan yi musu jan launi da garin jan dutse mai ƙarfe.

Wannan aiki ba ya son gaggawa. Sumunti cikin 'yan kwanaki yake kamawa, amma farar ƙasa sai ta yi makonni, har watanni, tana shan iska kafin ta kai ƙarfinta. In ta bushe da sauri cikin rana sai ta zama gari.

Sun daɗe da sanin wannan sana'a. A wani wuri da ake kira Kweyo, a arewacin Beliz, an tono dandamalan gidaje masu daɓen farar ƙasa na wajen shekara 1,000 kafin Miladiyya.

ME YA SA SUKA SHA WANNAN WAHALA?

Dalili na farko ruwa ne. Tikal ba ta da kogi, dutsen farar ƙasa kuwa shanye ruwa yake yi kamar soso, ga rani na watanni. Saboda haka suka daɓe manyan dandalai, suka ɗan karkata su kaɗan yadda ido ba zai lura ba, ruwan sama ya gangara ta magudanai zuwa tafkunan da suka gina. A tuddan Puuk kuma gidaje suna da rami a cikin dutse mai siffar tulu, an shafe cikinsa da farar ƙasa, daɓen tsakar gida yana tura masa ruwa. Sunan ramin cultun. Ashe daɓen da ya tsage a wurinsu ƙishirwa ce a tsakiyar rani.

Dalili na biyu tafiya. Sun gina hanyoyi masu tudu, suka daɓe su fari fat, suna kiransu sakbe, watau farar hanya. Mafi shahara ita ce wadda ta tashi daga Koba zuwa Yashuna, tsawonta wajen mil 62.

Dalili na uku tsabta da daraja. Daɓe mai santsi yana da sauƙin shara, ƙwari ba su samun maɓoya, kuma kaurinsa da kyansa suna nuna arzikin mai gida.

DAƁE LITTAFIN TARIHI NE

In daɓe ya tsufa, Maya ba su cika fasa shi ba, sai su zuba sabo a kansa. Masanan Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, waɗanda suka fara tono a Tikal a 1956, sun tarar babban dandalin birnin daɓe huɗu ne, wani bisa wani. Na ƙasa na wajen shekara 150 kafin Miladiyya ne, na bisa kuwa na wajen 700 Miladiyya.

Ku lura da amfanin wannan ga mai binciken tarihi. Duk abin da aka samu ƙarƙashin daɓen da ba a taɓa fasawa ba, ko kasko ne ko gawayi, lalle ya riga daɓen zuwa wurin. In aka auna shekarun gawayin, an san daɓen bai girme shi ba. Maya kuma sukan binne matattunsu ƙarƙashin ɗakin da suke kwana, su sāke daɓe wurin, saboda haka faci a daɓe alama ce ga mai tono. Lura da ƙasan ɗaki ne ma ya kai ga gano kabarin da ya fi kowane shahara a ƙasar Maya. A birnin Palenke, Alberto Ruz ya ga wani falalen dutse a ƙasan wani ɗakin bauta da huji a jikinsa. Da aka ɗaga shi sai ga matakala cike da ɓaraguzai. Aka yi ta kwasa har 1952, aka iske kabarin Sarki Pakal, wanda ya mutu a 683.

TSADAR FARAR ƘASA

Kome ya yi kyau yana da abin da ya ci. Gwajin da aka yi da hanyar tulin itace ya nuna ana ƙona itace mai nauyin kusan ninki biyar na farar ƙasar da za a samu. A babban birnin nan El Mirador, wanda ya bunƙasa kafin Tikal, an yi daɓe masu kauri ƙwarai, aka kuma shafe manyan daloli. Richard Hansen, wanda ya daɗe yana tono a can, yana ganin saran daji don gasa dutse ya jawo zaizayar ƙasa, laka ta cike fadamun da ake noma, har birnin ya mutu wajen shekarar 150 Miladiyya. Waɗansu masana kuwa sun ce noma da itacen girki sun fi cin daji, kuma ramin gashi ba ya cin itace da yawa haka. Abin da masu tono suka gani a wurare da dama shi ne daɓen zamanin baya sun fi na farko siranta. Wannan muhawara ce mai kyau ga manyan aji: a raba yara biyu, kowane ɓangare ya kawo hujjarsa.

GWAJI DON AJI

Ga abin da na yi da yarana. Ba sai an je Nkalagu ko Ewekoro ko Ashaka neman dutse ba, ɓawon katantanwa ya isa, domin sinadarinsu ɗaya ne da dutsen farar ƙasa.

1. A wanke ɓawon, a shanya, a auna nauyinsa.
2. A kai wa maƙeri ya gasa shi cikin gawayi da zugazugi har ya yi ja, ya daɗe a haka. Wutar murhu ba ta isa ba.
3. In ya huce a sāke aunawa, yara su rubuta bambancin.
4. Malami da kansa ya ɗiga masa ruwa cikin kwanon ƙarfe, yara na nesa. Gasasshen ɓawon nan yana ƙuna, in ya shiga ido yana iya makantarwa. Kada yaro ya taɓa shi da hannu.
5. A bar kwaɓin ya kwana biyu cikin ruwa, sa'an nan a gauraya da lallausan yashi.
6. A sami akwati biyu marasa zurfi. Ɗaya a zuba kwaɓin bisa sakakkiyar ƙasa a ajiye a rana. Ɗaya a jera duwatsu da tsakuwa, a daɓe, a zuba kwaɓin, a goge da dutse, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa.

Bayan wata guda muka duba namu. Na rana ya tsattsage, da yatsa ma ana kankare shi. Na inuwa ya yi tauri, muka zuba ruwa ya gangare.

Sai na kai yaran bakin wani rami a daɓen ajinmu, na ce su duba gefensa su faɗi abin da suka gani. Suka ga sumuntin bai kai kaurin yatsa ba, yashi ya yi masa yawa, ƙarƙashinsa kuwa jar ƙasa ce sakakkiya, ba dutse ba tsakuwa. Yaron nan mai tambaya ya ce, "Malam, ashe ba sumuntin ne da laifi ba." Na ce haka ne. Sumunti ya fi farar ƙasar Maya ƙarfi nesa ba kusa ba, su ma daɓensu yakan fashe su yi faci, saiwar itatuwa kuma ta lalata da yawa bayan an watse daga biranen. Abin da suka fi mai ginin ajinmu shi ne shimfiɗa ta ƙwarai a ƙasa, da awo daidai, da haƙurin jiran aiki ya kama.

Tambayoyin da za a ba yara: Me ya sa gasasshen dutse ya fi ɗanye sauƙin nauyi? Mene ne amfanin tsakuwa ƙarƙashin daɓe? Ta yaya daɓe ke taimakon mai binciken tarihi ya san abin da ya riga wani? Wane abu ake yi a garinku mai kama da tsimin cukum?

Kafin in bar makarantar, ni da 'yan aji biyar muka haƙe ramukan ajinmu, muka zuba tsakuwa muka daɓe, shugaban makaranta ya ba mu rabin buhun sumunti muka toshe su, muka yi mako guda muna ba su ruwa safe da yamma. Wanda duk aka tura shi aji mai irin wannan daɓe, ina ba shi shawara ya gwada. Allah ya ba mu sa'a.